Wa ke ɗaukar kunya a fina-finanmu?

Makon jiya na shiga gidan yayata bayan sallar isha'i, na tarar da ita da 'ya'yanta sun kewaye talabijin suna kallon wani fim ɗin Hausa mai dogon zango. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙaramar sakandare da ke tallan awara da yamma. Wani mai shago a layinsu ya kira ta, ya ce ta shigo ta karɓi kuɗinta, ya danna ƙofa. Can aka nuno ta durƙushe a bakin rariya tana amai, uwa ta shaƙe ta tana cewa sai ta faɗi wanda ya yi mata, uba ya watso mata kayanta ƙofar gida. Daga nan fim ya bi ta tasha-tasha, kashi bayan kashi, yana nuna mana wahalarta. Mai shagon kuwa sau ɗaya aka sake nuno shi, yana auna wa wata mata sukari.

Da aka gama, yayata ta dubi 'yarta mai shekara goma sha huɗu ta ce, "To kin dai gani. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Yarinyar ta sunkuyar da kai. Samarin gidan su biyu suna zaune a wurin, ba wanda ya ce musu uffan.

Ban ga laifin yayata ba. Darasin da fim ɗin ya miƙa mata shi ta isar.

Matsayina a kan wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Ina so a yi fim a kan fyaɗe, da auren dole, da cin zarafin 'yan aiki da 'yan talla. A ƙara yi ma. Abin da ba na yarda da shi shi ne yadda yawancin fina-finanmu ke jibga nauyin labarin gaba ɗaya a kan yarinya. Ita ce abin kallo, ita ce izina, ita ke kwasar kunya, shi kuma wanda ya yi ɓarnar sai labari ya sallame shi tun da wuri. Fim ɗin da aka gina haka yana taya mai laifi aiki, ko da wanda ya shirya shi da kyakkyawar niyya ya fito.

"Ai abin da ke faruwa muke nunawa"

Wannan ce amsar farko da za ka ji daga bakin masu shirya fim. Su ce fim madubi ne, kuma a zahiri yarinyar ce ake kora, namijin ya ci gaba da harkarsa. Gaskiya ne haka ke faruwa a gidaje da yawa.

Amma fim zaɓi ne tun daga farko har ƙarshe. Wani ne ya zauna ya yanke inda za a kafa kyamara, da wanda za a bi bayan an buɗe ƙofar shagon nan, da wanda za a sa wa kiɗan tausayi, da wanda za a manta da shi. Idan zahiri ake son nunawa, ai a zahirin akwai abubuwan da ba mu cika gani a allo ba.

Akwai dattawan unguwa da ke sallama da daddare, su zauna a tabarmar zaure, su ce wa uban yarinya, "Malam, a rufa wa juna asiri. Yaron nan ɗan gidan mutunci ne, ita ma yarinyar gobe aure za ta yi." Akwai ambulan ɗin kuɗi da ake turawa ƙarƙashin tabarma da sunan kuɗin magani. Akwai uwar da ta yi ƙarfin hali ta kai ƙara, ta yi ta sintiri tsakanin ofishin 'yan sanda da asibiti da kotu har kuɗin motarta ya ƙare, maƙwabta suna zunɗenta da cewa ta tona wa 'yarta asiri. Akwai mai laifin da aka bayar da belinsa ya dawo layin, yarinyar tana wucewa ta gabansa kullum idan za ta makarantar Islamiyya.

Duk wannan zahiri ne, kuma a nan ainihin labarin yake, domin a nan ne ake ganin yadda unguwa guda ke haɗa hannu ta kare namiji ɗaya. Wanda ya bar wannan ya je yana ɗaukar hawayen yarinya na minti goma, ya zaɓi abin da ya fi sauƙin sayarwa ne.

Akwai kuma wani ƙarshe da aka maimaita har an haddace. Shekaru sun ja, mai laifi ya yi hatsarin mota ko ciwo ya kwantar da shi, ya aika a nemo ta. Yana kwance a gadon asibiti yana hawaye, ana ce mata, "Ki yafe masa, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe mana." Ta yafe, a sa waƙa, a rufe. Wani lokacin ma a ɗaura musu aure, a kira hakan gyara. Ba kotu, ba gidan yari, ba ranar da ya tsaya gaban jama'a ya ji kunyar da ta ji. Yafiya abu ne mai girma a addininmu, amma haƙƙin wanda aka zalunta ne, shi ke da ikon bayarwa ko hanawa. Fim ya mayar da ita wani sabon nauyi da ake ɗora wa yarinyar domin mai kallo ya samu ya kwanta da sanyin zuciya.

"Faɗakarwa muke yi"

Na yarda da yawansu da gaske suke. To amma wa ake faɗakarwa, kuma da me?

Saƙon da yarinya ke ɗauka daga irin wannan fim shi ne: kada ki shiga shago, kada ki karɓi kyauta, kada ki yi dare. Shawarwari ne masu amfani, ni ma ina faɗa wa nawa. Sai dai duk wanda ya yi aiki da yaran da aka ci wa zarafi zai gaya maka cewa galibi wanda ya cuce su sananne ne: kawu, ko mijin yaya, ko maƙwabci, ko malamin da ke zuwa gida koyar da darasi, ko maigidan da aka kawo ta aikatau daga ƙauye. Yarinyar da aka kawo aikatau tana da shekara goma sha biyu, tana kwana a tsakar gida ko a kicin, wace ƙofa za a ce kada ta shiga? Ita da ke talla, ita ta aiki kanta?

Akwai saƙo na biyu da ke tafiya a ƙarƙashin na farkon, kuma shi ya fi cutarwa. Yarinya ta ga cewa wadda ta faɗa, ko aka gano, ita aka doka, ita aka kora, ita ta ƙare a titi. To idan abin ya same ta gobe, me zai sa ta buɗe baki? Mun zaunar da ita mun nuna mata da hotuna masu motsi cewa shiru ya fi mata. Shirun nan kuwa shi ne jarin kowane mai fyaɗe.

Faɗakarwar gaskiya tana da abin da za ta koyar, kuma cikin sauƙi za a saka shi a labari ba tare da an mayar da fim lacca ba. Mutane da yawa ba su san cewa akwai maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV da ake bai wa wadda aka yi wa fyaɗe ba, wanda sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake aiki. Uwaye da yawa abin da suke fara yi shi ne su yi wa yarinya wanka su wanke kayanta, ba su san hujja suke wankewa ba. Mutane nawa ne a Kano suka san da cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala, inda ake duba waɗanda aka ci wa zarafi? Fitowa ɗaya ta minti uku, a nuno uwa ta rungume 'yarta ta ce "na yarda da ke", ta naɗe kayan a ajiye, ta tare Adaidaita Sahu zuwa asibiti, za ta yi amfanin da kashi ashirin na kuka ba zai yi ba.

Sannan ina faɗakarwar samari? Ai maza ma suna cikin masu kallo. Yaushe rabon da ka ga fim ɗin da uba ya zaunar da ɗansa, ko abokai suka juya wa abokinsu baya saboda abin da ya yi wa yarinya, ko liman ya ƙi shiga maganar sulhu ya ce a kai kotu?

Abin da ake ba mu a matsayin soyayya da dariya

Fitowar fyaɗe kuwa kaɗan ce a fim. Abin da ya fi yawa, ya fi kuma shiga jiki, shi ne wanda ba a ɗauke shi cin zarafi ba sam.

Mun tashi da finafinan Indiya tun zamanin gidajen silima, kuma masana'antarmu ta ɗauko abubuwa da dama daga can. Ciki har da wannan: saurayi ya ga yarinya, ta ce ba ta so, ya bi ta makaranta, ya tare ta a hanya, ya samo lambarta, ya hana kowa kula ta, har ta gaji ta amince. A fim sunan wannan naci, ƙin da ta yi kuma jan aji. Yaro ɗan shekara sha shida da ya kalli wannan sau ɗari ya koyi cewa "a'a" ɗin mace matakin farko ne na "e". Haka ma mari. Sau nawa aka nuno namiji ya kwaɗa wa budurwa ko amarya mari, daga baya labari ya nuna cewa marin ne ya dawo da ita hankalinta?

A ɓangaren barkwanci kuwa, akwai tsohon nan mai furfura da ke lallaɓa 'yar talla, yana saye kayan tiren duka yana kashe mata ido, ana sa sautin dariya. Jikarsa ce a haife. Muna dariya, yaranmu suna dariya tare da mu, alhali wannan shi ne ainihin yadda ake farautar yara a tashoshi da bakin kasuwa: a saye kayan tiren duka yau, gobe a ce ta kawo har ɗaki.

"Wannan ra'ayin Turawa ne"

Da zarar mace ta ɗaga irin wannan magana sai a liƙa mata suna, a ce 'yan rajin 'yancin mata ne ke son lalata tarbiyya. Haka aka yi wa matasan da suka fito da labaran cin zarafin da aka yi musu a shafukan sada zumunta a ƙarƙashin maudu'in ArewaMeToo a farkon 2019. Maimakon a tambayi waɗanda aka ambata, sai aka koma binciken tarbiyyar masu maganar.

Gaskiya ne masu nazarin fim a Turai sun daɗe da wannan muhawara. A 1975 wata 'yar Birtaniya mai suna Laura Mulvey ta rubuta maƙalar da ta yi suna, inda ta nuna cewa finafinan Amurka na lokacin an tsara su ne da idon namiji: shi ke aikatawa, ita kuma an ajiye ta domin a kalla. Ba sai na yarda da duk abin da ta ce ba kafin in ga cewa tambayarta tana aiki a kan fim ɗin da aka ɗauka a Ɗorayi ko Zoo Road: da idon wa muke kallon yarinyar nan?

Amma ni ba daga can na samo ƙorafina ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure, an ruwaito cewa wani bawa ya tilasta wa wata baiwa, Sayyidina Umar ya yi masa bulala ya kore shi daga gari, ita kuwa bai taɓa ta ba domin tilasta mata aka yi. A Sahihul Bukhari akwai labarin Khansa'u bintu Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Ta yi magana, an saurare ta, an yi hukunci a kan maganarta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan ƙauye.

Saboda haka al'adar korar yarinya a bar namiji, ita ce ya kamata a tambaya daga ina ta fito. Fim ɗin da ke nuna ta a matsayin abin da ya dace ba addini yake karewa ba.

To a hana nunawa gaba ɗaya?

A'a. A nan na rabu da wasu da muke tare a sauran maganar.

Akwai masu ganin cewa mafita ita ce Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta haramta irin waɗannan labarai. Hana magana a kan abu bai taɓa hana shi faruwa ba. Shekarar 2020 ta nuna mana haka: sai da labaran fyaɗe suka cika kafafen watsa labarai, ciki har da kisan ɗaliba Uwaila Omozuwa a Benin, sannan gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, jihar Kaduna kuma ta yi dokar dandaƙa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaran da ba su kai shekara 14 ba fyaɗe. Ko mutum ya yarda da wannan hukunci ko bai yarda ba, surutun jama'a ne ya motsa gwamnati. Fim yana shiga ɗakunan da jarida ba ta shiga, har ƙuryar matan da ba sa fita.

Abin da ke da wuya shi ne yadda za a nuna. Ko a tsakanin masu kare haƙƙin mata ba a haɗu a kan wannan ba. A 2020 wata Bafaranshiya 'yar asalin Senegal, Maïmouna Doucouré, ta fitar da fim mai suna Mignonnes, a kan yarinya 'yar shekara 11 daga gidan Musulmi a Faris da ta faɗa ƙungiyar rawa tana kwaikwayon abin da take gani a waya. Manufarta ita ce ta soki yadda intanet ke tura ƙananan yara su nuna jikinsu. Kamfanin Netflix ya tallata fim ɗin da wani hoto da ya jawo masa Allah-wadai har ya nemi afuwa. Wasu mata suka kare fim ɗin suka ce ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Wasu suka ce ko me take nufi, yara na gaske ta tsayar gaban kyamara suna irin rawar da take suka.

Ni ina tare da kashi na biyu a wannan gaɓar. Niyyar darakta ba ta bin hoto idan ya fita. Wani zai yanko minti ɗayan nan ya ɗora a TikTok, babu labarin da ke gabansa, babu na bayansa.

A wannan fannin finafinan Hausa suna da wata dama da ba su san darajarta ba. Kunyarmu da dokokin tacewa sun hana a nuna tsiraici ko taɓa jiki. An rufe ƙofa, kowa ya gane. Ke nan masu fim ɗinmu ba su da matsalar da Turawa ke fama da ita. Tasu matsalar tana farawa ne bayan an buɗe ƙofar, wurin zaɓen wanda za a bi. Hukumar tacewa tana auna tsawon mayafi da kusancin jarumi da jaruma a wurin rawa. Zan so in ga ranar da za ta mayar da fim ta ce a gyara, saboda an ɗaura wa yarinya aure da wanda ya yi mata fyaɗe an kira shi kyakkyawan ƙarshe.

Bayan kyamara

Ba na jin za a gyara labarin allo alhali masana'antar kanta tana tafiya a kan ƙa'idar da nake kuka da ita. A 2007, da bidiyon sirri na wata jaruma ya bazu a wayoyi, ita ce ta ɓuya, sunanta ne ya zama abin zagi a bakin yara, sana'arta ce ta mutu. Mutum biyu ne a bidiyon, amma mutane ƙalilan ne za su iya tuna sunan na biyun. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙa tare da mawaƙi ClassiQ, hayaniyar kuma kusan duk a kanta ta ƙare. Mutum zai iya ganin ta yi kuskure ko ba ta yi ba. Tambayata ita ce me ya sa ma'aunin ke da nauyi a gefe ɗaya kullum.

Mata su ne manyan masu kallon finafinan Hausa, fuskokinsu ne ke sayar da fim, amma kujerar darakta da ta mai ɗaukar hoto da ta mai zuba kuɗi yawanci maza ne a kai. Abin mamaki, a fagen littafi ba haka abin yake ba. Tun shekarun 1980 mata ke rubuta littattafan Hausa a kan auren dole da kishi da saki, daga cikin ɗakin da abin ke faruwa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, tana cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya. Yau ma ɗaruruwan mata na rubuta labarai suna sayarwa ta WhatsApp. Marubutan suna nan. A kira su teburin da ake yanke yadda labari zai ƙare, kada a tsaya ga sayen labarinsu a canza masa ƙarshe.

Zama mace kaɗai ba ya sa mutum ya rubuta daidai, na sani. Akwai matan da suka fi maza tsananta wa yarinya, kuma uwar da ke shaƙe 'yarta a fim daga gidajenmu aka kwafo ta. Amma wadda ta taɓa zama 'yar shekara sha uku ta san abubuwan da ba a koya a wurin ɗaukar fim: yadda yarinya ke canza hanya saboda wani benci da maza ke zama, yadda take ƙin zuwa aike gidan wani kawu ta kasa faɗin dalili, a yi mata faɗa a ce ta cika ƙiwa.

Sai kuma yaran da ake sakawa su taka irin wannan rawa. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Idan za a sa 'yar shekara sha huɗu ta fito a matsayin wadda aka yi wa fyaɗe, wa ya zauna ya bayyana mata abin da za ta taka? Mahaifiyarta ko yayarta tana wurin ɗaukar, ko an bar ta ita kaɗai cikin maza goma sha a wani gida da aka karɓa haya har dare? An yi tunanin ranar Litinin da za ta koma aji, 'yan ajinsu sun kalli fim ɗin, su riƙa kiran ta da sunan abin da aka yi mata a ciki? Ƙungiyoyin masu shirya fim za su iya rubuta ƙa'ida a kan wannan cikin zama ɗaya: babba mai ƙaramin jiki ta taka rawar idan zai yiwu, idan kuma dole sai yarinya, to da rubutaccen izinin iyaye, da wata babbar mace daga danginta a wurin tun daga farkon ɗauka har a tashi, kuma a mayar da ita gida kafin magariba.